Filinge: Babin lissafin da ke tsaye tsakanin 'yan ajin ƙarshe da jarrabawar BAC

A Filinge, cibiyar ƙasar Kurfey mai nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, yaron da ya taso yana zuwa kasuwa ba a koya masa lissafi da ka. Ana faɗin farashi da dala, takardar kuɗi kuma tana nuna sefa, don haka kullum sai ya ninka sau biyar ko ya raba biyar kafin ya miƙa canji: dala ashirin sefa 100, jika guda sefa 1,000. Amma wannan yaron, idan ya kai ajin ƙarshe na lise, wato taminal, akan same shi ya yi shiru gaban haruffa biyu da malami ya rubuta a allo: ln.

Waɗannan haruffa alama ce ta logaritim. A Najeriya ɗalibai kan haɗu da shi tun shekarar farko ta babbar sakandare, da teburin lambobi a hannu. A tsarin Nijar, wanda aka gada daga Faransa, sai shekarar jarrabawar BAC yake bayyana, kuma da ya bayyana sai sauran darussa su rataya a wuyansa. Nazarin zanen lanƙwasa da ke ɗauke da maki masu yawa a takardar lissafi ta sashen C da D yakan zo da shi. A kimiyyar sinadarai, ma'aunin tsami na pH logaritim ne. Wanda ya zame a nan, da wuya ya miƙe kafin ranar jarrabawa, a ƙasar da mafi yawan masu zaman BAC ba sa cin ta.

Abin da dokar ke cewa

Ainihin tambayar da logaritim ke amsawa gajeruwa ce: sau nawa aka ninka? A ɗauki ninki biyu-biyu. Daga 1 zuwa 8 an ninka sau 3 (2, 4, 8). Daga 1 zuwa 16 an ninka sau 4. To 8 sau 16 nawa ne? 128. Kuma 128 ninki 7 ne, wato 3 da 4 a haɗe. Babbar dokar ke nan baki ɗaya: idan aka ninka lambobi biyu, logaritim ɗinsu tarawa ake yi. Idan rabawa aka yi, ɗebewa ake yi. Sauran dokokin duk daga nan suka fito.

Saboda wannan sauƙin ne John Napier, wani ɗan Sikotilan, ya wallafa teburinsa a 1614, domin masu nazarin taurari da matuƙan jiragen ruwa su huta da dogon ninki. Faransawa na kiran sa Néper, shi ya sa ɗaliban Nijar ke jin ana cewa "népérien". Wasu kan ɗauka sunan daga malamin nan na Bagadaza, Al-Khwarizmi, ya samo asali. Wancan algoritim ne, kalmomin sun yi kama kawai.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai guda ɗaya ne, a Filinge ko a ko'ina: su rubuta cewa ln na (a + b) daidai yake da ln a a tara da ln b. Ido ne ke yaudarar su, sun ga alamar tarawa a wani gefen dokar sai suka ɗora ta a duka gefen biyu. Maganinsa ba ya buƙatar na'ura. A sa 1 da 1: ln 1 sifiri ne, don haka ln 1 da ln 1 a haɗe sifiri ne, alhali ln 2 kusan 0.69 ne. Ɗalibin da ya gwada wannan da hannunsa sau ɗaya, da wuya ya sake faɗawa ramin. Wanda ya haddace dokar da Faransanci kamar waƙa, zai iya maimaita ta daidai da safe, ya karya ta da rana.

Harshe da lokaci

A nan batun harshe ke shigowa. Kurfayawa Hausa suke yi, a garin kuma ana jin Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, amma darasin da Faransanci ake bayar da shi. A 2025 sabon kundin da gwamnatin soja ta kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan bai sauya littafin taminal ba, bai kuma sauya takardar jarrabawa ba. Sai dai babu abin da ya hana malami ya ɗauki minti biyar ya ce "sau nawa aka ninka?" kafin ya koma harshen allo, kuma wannan mintin biyar sun fi shafi guda na dokokin da aka kwafa amfani.

Lokaci kuwa shi ne abin da Tillaberi ta fi rasawa. Hare-haren 'yan bindiga sun rufe ɗaruruwan makarantu a jihar, musamman a ƙauyuka. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana yawo da babura a sassa da dama tun farkon 2020. Yaron da ya yi asarar watanni a aji huɗu ko aji uku na kwaleji, lokacin da ake koyar da lambar da ake ninkawa da kanta, shi ne ke isowa taminal da gurbi a ƙasa. Logaritim juyin wancan darasin ne kawai, don haka malamin da ya fara babin ba tare da ya koma baya ba yana gini ne a kan rairayi. Yawancin malaman ƙasar 'yan kwantiragi ne, kuma zuwa watan Afrilu, lokacin bita, zafin Dallol Bosso ya wuce digiri 40.

Misali mafi kusa da ɗalibin yana cikin ƙidayar ƙasarsa. A 2001 an ƙirga 'yan Nijar kimanin miliyan 11, a 2012 sun haura miliyan 17, ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara. Shekara nawa za a yi kafin jama'a su ninka biyu a wannan gudun? A raba ln 2 da ln 1.039, amsar ta fito shekara 18 da ɗoriya, kusan shekarun wanda ke zaune a kan bencin yana riƙe da biro. Adadin 'yan ƙasar ranar da aka raɗa masa suna kusan rabin na yau ne.