Binciken da Ya Sauya Yadda Ake Yi wa Yara Ƙarin Ruwa

Shekara da shekaru, idan an kawo yaro asibiti da zazzaɓi mai zafi, jini ba ya zagaya jikinsa sosai, abin da likitoci suka koya shi ne a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri cikin sa'a ta farko. Ana yin haka ne bisa ƙa'idar asibitocin Turai da Amurka, inda na'urorin taimakon numfashi ke kusa.

Wani bincike mai suna FEAST, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland, ya gwada wannan ƙa'ida a asibitoci 6 na Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Yara 3,141 suka shiga, fiye da rabinsu na fama da zazzaɓin cizon sauro. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya girgiza masana: cikin sa'o'i 48, kusan kashi 10.5 cikin ɗari na yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, alhali cikin waɗanda aka ba ruwa sannu a hankali kashi 7.3 ne. Tun kafin a kammala aka dakatar da binciken.

Sai dai a lura: ba a sa yara masu gudawa ko tamowa mai tsanani ko ƙuna a ciki ba. Yaron da gudawa ta tsotse wa ruwan jiki yana buƙatar ruwa nan take.

A wurinmu, inda iyaye da yawa ba sa gamsuwa sai sun ga an rataye ledar ruwa, wannan bincike ya shafe mu kai tsaye.