Mota Mai Ido Ɗaya: Bayani a Kan Ƙwan Fitila da Sauya Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina, ko ta Maraɗi zuwa Damagaram, cikin dare, ya san wannan al'amari. Sai direba ya hango haske guda tilo yana tahowa, ya ɗauka babur ne, ya bar masa hanya gwargwadon faɗin babur. Sai an yi gab da juna sa'an nan ya ga ashe mota ce mai ido ɗaya, rabin jikinta yana ɓoye cikin duhu a tsakiyar titi. Abin da ya jawo wannan kuwa ƙwan fitila ne guda, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Fatake masu sammako domin su riski kasuwa, da malamai masu komowa daga ziyara bayan lisha, su ne suka fi gamuwa da wannan haɗari, balle da hunturu sa'ad da hazo ya rufe gari. Saboda haka ya wajaba ga ko wane mai ƙaramar mota ya san ƙwan da motarsa take ɗauka, ya kuma san yadda ake sauya shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ya ce a ba shi ƙwan Corolla ko ƙwan Golf. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Yawancin motocin nan sun shigo ta Kwatano ko ta Legas bayan an more su a wasu ƙasashe, kuma ko wace ƙasa da irin fitilar da aka ƙera mata. Corolla ta Amurka, ƙirar 2003 zuwa 2008, tana ɗaukar ƙwai biyu a ko wane gefe, watau 9006 domin hasken kusa da 9005 domin hasken nesa, waɗanda direbobi ke kira dim da ful. Amma akwai tsofaffin Corolla da yawa na Turai masu ɗaukar ƙwai guda, H4. Haka Golf 3 mai fitila guda a gefe tana ɗaukar H4, alhali Golf 4 tana ɗaukar H7 da H1.

To, maganin wannan ruɗani yana jikin ƙwan da ya mutu. Ko wane ƙwai an buga masa lambarsa a gindi, tare da ƙarfinsa. Mai juyar littafi ba ya dogara ga abin da ya tuna, sai ya gwada da asali; haka mai mota zai ciro tsohon ƙwai, ya tafi da shi kasuwa, ya jera shi da sabon. Wanda bai saba da haruffan boko ba ma yana iya ganewa da siffa. H4 yana da ƙafa uku na ƙarfe, a cikin gilashinsa kuma akwai sirarar waya biyu masu ci, kamar lagwani biyu a fitila ɗaya. Ƙarfinsa wat 60 a nesa, 55 a kusa. H7 ƙafa biyu gare shi da lagwani guda, wat 55. H1 siriri ne mai ƙafa ɗaya, wat 55, shi ne kuwa babban wansu, gama tun 1962 ya fito a Turai. Su 9005 da 9006, waɗanda ake kira HB3 da HB4, gindinsu na roba ne, a lanƙwashe kamar gwiwar hannu. H11 yana kama da su ainun, amma ba ya shiga mazauninsu. Wanda ya fere haƙoran ƙwai da wuƙa domin ya shiga inda ba nasa ba, ya ɓata haske ya ɓata kuɗi.

Kafin a saya, lalle a tabbata ƙwan ne ya mutu. In an ɗaga shi ga haske aka ga lagwanin ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, to, shi ne. In ana shakka, sai a mai da ƙwan gefen da ke ci zuwa gefen da ya mutu. In ya kama, laifin na tsohon ƙwai ne. In fitilu biyu suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwai ne. A duba fis, da makunni, da wayoyi. In fitila tana ci amma haskenta ya yi rauni kamar na aci-bal-bal, sau da yawa wayar da aka ɗaure ga jikin mota ce ta yi tsatsa. In kuwa ƙwai yana mutuwa akai-akai, a sa mai aikin wayar mota ya auna wutar da injin ke bai wa batir. Daidai ita ce kimanin bolt 14. In ta zarce haka da yawa, tana cinye kwanan ƙwai.

Sauyawar kanta ba ta da wuya. A kashe mota, a kashe fitila, a dakata har ƙwan ya huce, gama zafinsa yana ƙona fata nan take. Sa'an nan a buɗe bonet, a kai hannu bayan fitila. In H4 ne ko H7, a zare soket, a cire murfin da ke tsare ƙura da ruwa, a saki 'yar wayar ƙarfen da ta danne ƙwan, a ciro shi. Sabon yana da haƙora a gefen gindinsa waɗanda ba su zama sai ta fuska ɗaya. In ya zauna daram, a mai da wayar ƙarfe, da murfi, da soket. In 9005 ne ko 9006, a murɗa gindin kaɗan zuwa hagu, a jawo shi, a danna 'yar makama a raba shi da soket. Sabon kuma a murɗa shi dama har ya kama. Kada a manta da murfin nan, domin in ruwan damina ya shiga, madubin cikin fitila zai dushe.

Akwai sharaɗi guda wanda ba a wasa da shi: kada yatsa ya taɓa gilashin sabon ƙwai. Maiƙon hannu yana zama a kansa, wurin ya fi sauran ɗaukar zafi, har gilashin ya kumbura ko ya fashe. A riƙe shi ta gindi. In an taɓa bisa kuskure, a goge da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, a bari ya bushe. Ya fi kyau kuma a sauya biyun tare, gama tare suka yi aiki, wanda ya saura ba zai daɗe ba.

Wasu sukan sayi ƙwai mai wat 100 domin neman ƙarin haske. Irin wannan yana jan wuta kusan ninki biyu na abin da aka tsara wa wayoyin, har ya narkar da soket. Wasu kuma sukan sa farin ƙwan LED a fitilar da ba a ƙera dominsa ba, sai hasken ya warwatse ya dalle idon mai tahowa. Direban da aka dalle wa ido kuwa, kan mai hasken yake nufowa. Motar da aka ƙera da fitilar zenon, mai lamba irin D1S ko D2S, wutar da ke kunna ta tana kai bolt dubu 20. Wannan a bar wa gwani.

Bayan an gama, a tsai da mota da dare a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a kunna hasken kusa. Bakin hasken ya kamata ya faɗi kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, gefen biyu kuma su daidaita. In ɗaya ya yi sama, ƙwan bai zauna ba. A lura kuma da inda hasken ya karkata. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa dama can a dama take. Fitilar da aka ƙera domin Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, tana ɗaga haskenta zuwa hagu, watau cikin idon mai tahowa. Wannan ba sauya ƙwai ke gyara shi ba, sai a nemi fitilar da ta dace da hanyoyin ƙasar.

Matafiyi mai hankali yakan rubuta lambar ƙwansa a takarda, ya ajiye ƙwai guda cikin kwalinsa tare da fis, ya kewaya motarsa ya duba fitilu tun rana ba ta faɗi ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.