Dutsen da Ke Tankaɗe Lantarki

Sararin nan cike ya ke da saƙonnin wayar iska, kowane da saurin kaɗawarsa. Da duk za su shiga akwati gaba ɗaya, da ba abin da za a ji sai hayaniya irin ta kasuwa. Saboda haka tilas a sami rariya, wata irin rariyar kuwa da dutse a ke yinta.

Cikin shekarar 1880 waɗansu 'yan'uwa biyu mutanen Faransa, Jak da Piyer Kuri, suka gane in aka matse farin dutsen nan da a ke kira kwaz sai ya fid da lantarki, a 1881 kuwa suka tabbatar in aka sa masa lantarki sai ya motsa. A 1921 Walta Kedi na Amurka ya nuna kowane ɓalli na dutsen yana da saurin kaɗawar da ya fi so. Saƙon da ya dace da wannan sauri shi ke wucewa, saura a tare su.

Ga yadda a ke ƙera shi. A kan yanka dutsen a karkace, wajen digiri 35, don kada zafi ko sanyi ya sāke saurinsa. Sa'an nan a yi ta guga ana awo, gama kauri shi ne ma'auni: ɓalli mai kaurin milimita 1 yana kaɗawa wajen sau 1,660,000 cikin daƙiƙa, in aka rage rabin kaurin sai saurin ya ninka. Daga nan a shafe fuskokinsa biyu da azurfa ko zinariya, a ɗaura waya, a rufe shi ruf don ƙura da laima, gama ko ƙura ta hau shi saurinsa ya sauka.

Allah ya ƙara mana sani, amin.