Idan hanta ta toshe: hanyoyin da likitocin fiɗa ke buɗe wa jini

Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa ranar da hanya ta cushe a bakin duwan: motoci su yi cincirindo, wasu kuma su ratse ta ƙananan hanyoyin daji da ba a yi su domin kaya masu nauyi ba. Haka lamarin yake a jikin ɗan Adam idan hanta ta kamu.

Jinin da ya fito daga hanji da saifa yana bin wata babbar jijiya, jijiyar ƙofar hanta. Hanta kuwa ita ce duwan ɗin jiki, ita ke tace jinin, ta cire dafi, kafin ya wuce zuwa zuciya. Idan ta ƙandare, sai jini ya rasa mashiga, ya taru, ya yi ƙarfi. A Nijar babban mai jawo haka shi ne ciwon hanta nau'in B. Akwai kuma barasa, da bilarziya ta hanji da ake samu a wasu yankunan bakin kogin Kwara. Jinin sai ya ratse ta ƙananan jijiyoyin maƙogwaro da bakin tumbi, su kumbura. Ranar da ɗaya ta fashe, mutum ya kama aman jini, ko ya yi bayan gida baƙi ƙirin. Wannan ba abin jiran wayewar gari ba ne.

Likitoci kan fara da magani irin su propranolol, da ɗaure jijiyoyin da zoben roba ta hanyar na'urar da ake zurawa ta baki. Sai idan jini ya ƙi tsayawa, ko ya yi ta dawowa, ake maganar buɗe masa wata hanya.

Dabarar ta daɗe. A 1877 wani likita ɗan Rasha, Nikolai Eck, ya haɗa jijiyar ƙofar hanta da babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya a jikin karnuka. A 1893 Pavlov da abokan aikinsa suka lura cewa irin waɗannan karnuka, in sun ci nama, sai su ruɗe. Tun ran nan aka san farashin aikin: jinin da ya kauce wa duwan yana isa ƙwaƙwalwa da dafinsa, musamman amoniya. Majinyaci ya daina aman jini, amma ya shiga mantuwa, barcin rana da ruɗewa, wani lokaci har doguwar suma.

Saboda haka aka yi ta gyara. Cikakkiyar karkatarwa, wadda Whipple da Blakemore suka yaɗa a Amurka daga 1945, ta fi tsai da jini, ta kuma fi kawo ruɗewa. Karkatarwar rabi ana yin ta da ɗan bututu mai faɗin milimita 8, domin wani kashi na jinin ya ci gaba da shiga hanta. A 1967 Dean Warren ya fito da ta uku: a haɗa jijiyar saifa da ta ƙodar hagu, a sauke wa maƙogwaro nauyi, a bar jinin hanji ya bi hanyarsa. Sannan a 1988, a Freiburg ta Jamus, aka yi aikin da ake kira TIPS: ba a tsaga ciki, ta jijiyar wuya ake bi a dasa bututun ƙarfe a cikin hanta kanta. Shi ne ya rage yawan manyan ayyukan fiɗa a yau, sai dai yana iya toshewa, yana kuma bukatar na'urori da bincike a kai a kai.

Zaɓi ya danganta da ƙarfin da ya rage wa hanta. Likitoci na kasa majinyata kashi uku, A, B da C. Mai hanta mai sauran ƙarfi shi ke jure babban aiki, wanda tasa ta gaji kuwa dashen hanta ne maganinsa na gaskiya. Ga mai bilarziya, wanda hantarsa ke aiki duk da toshewar, akwai aikin da Hassab ya bayyana a Masar: a cire saifa, a ɗaure jijiyoyin da ke kewaye da tumbi, ba tare da karkatar da jini ba.

Abin lura ga iyalin da za su tara kuɗin aiki, a gida ko a waje, shi ne karkatarwa tana hana zubar jini, amma ba ta warkar da hanta. Ya kamata su tambayi likita ajin da majinyacinsu yake, da wanda zai riƙa duba shi bayan an dawo. Mai ciwon hanta kuma ya nisanci barasa, da asfirin da magungunan ciwon jiki na masu talla, domin suna tayar da zubar jini. Tun 2008 rigakafin nau'in B yana cikin alluran jarirai a Nijar. Manya kuwa awon jini guda ya isa ya nuna musu matsayinsu tun hanya ba ta cushe ba.