Kafa Sabon Gari: Darasi Daga Ƙauyuka Biyu Na Ƙasar Masar

A duk lokacin da ambaliya ta ci wata unguwa, ko fari ya kori mutanen karkara zuwa bakin birni, ko matasa suka yi yawa babu aikin yi, maganar da ta kan fito daga bakin hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari ita ce a nemi fili a kafa sabon mazauni. Sai a zana taswira, a nuna inda makaranta za ta zauna, da inda asibiti da kasuwa za su kasance, a shiga tara kuɗi. Wani lokaci abin ya kan yi kyau. Sau da yawa kuwa bayan 'yan shekaru sai a tarar da ɗakuna babu kowa, mutane sun sayar da kwanon rufi sun koma inda suka fito.

Domin mu gane abin da ke sa wani sabon gari ya rayu wani kuma ya mutu tun yana jariri, mun ga ya kamata mu kawo labarin ƙauyuka biyu da aka kafa da gangan a ƙasar Masar, tsakaninsu shekara talatin. Dukansu mutane masu ilimi da kyakkyawar niyya ne suka tsara su, dukansu kuma don amfanin talakawa aka yi su, amma ƙarshensu bai zama ɗaya ba.

Sabuwar Gurna

A yammacin kogin Nilu, daura da birnin Luksor, akwai wani tudu da ke cike da kaburburan fadawan fir'aunoni na dā. A kan wannan tudu mutanen Gurna suka gina gidajensu, mutum wajen 7,000, kuma daga nan suke samun abincinsu: wasu lebura ne na masu tonon kayan tarihi, wasu gadi, wasu suna sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido kayan sassaƙa, wasu kuma, kamar yadda hukuma ke zarginsu, suna shiga kaburburan ta ƙarƙashin ɗakunansu su ɗebo abin da suka samu su sayar. A shekarar 1945 hukumar kula da kayan tarihi ta yanke shawarar tashinsu. Ta samo fili wajen hekta 20 a cikin gonaki kusa da kogi, ta ɗora wa wani masanin tsara gine-gine mai suna Hassan Fathy aikin gina musu sabon gari.

Shi Fathy mutum ne mai tausayin talaka. Ya lura siminti da ƙarfe sun fi ƙarfin manomi, kuma ɗakin siminti tanda ne a lokacin zafi. Saboda haka ya koma ga tubalin laka, ya ɗauko magina Nubiyawa daga wajen Aswan waɗanda suka iya rufe ɗaki da tubali tsantsa, su yi baka su yi ƙubba ba tare da azara ko katako ba. Duk wanda ya san soron ƙasa na ƙasar Hausa ya san irin sanyin da ke cikin ɗaki irin wannan. Ya tsara masallaci, da kasuwa, da makarantar yara maza da ta mata, da wurin koyon sana'a, har da dandalin wasanni. Bai yarda a jera gidaje iri ɗaya kamar barikin soja ba, ya yi ƙoƙari ya zana wa kowane iyali gida gwargwadon yawansa.

Amma akwai abu guda da taswira ba ta iya gyarawa: mutanen Gurna ba su nemi a tashe su ba. A tudu suna da abin yi, a sabon wuri kuwa yawancinsu ba su da gonar da za su noma, sana'o'in da aka ce za a koya musu kuma ba su kafu ba tukuna. Wasu ma sun ƙi rufin ƙubba, domin a wurinsu ƙubba ta kan hubbare ce. Ana cikin aiki sai aka fasa madatsar da ke tare ruwa, ruwa ya malale filin ginin ya lalata wasu gidaje. Ga kuma jinkirin kuɗi da kai-da-kawo na ofisoshin gwamnati. Zuwa shekarar 1948 aiki ya tsaya, abin da aka gina bai kai rubu'in abin da aka tsara ba.

Fathy ya rubuta labarin wannan aiki a littafin da ya fito a 1969, littafin da ya sa sunansa ya zaga duniya, har a 1980 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Mutanen tudu kuwa sun ci gaba da zamansu har wajen shekara sittin, sai daga 2006 ne gwamnati ta rushe tsohon ƙauyen ta mai da su wani wuri dabam. Ita Sabuwar Gurna wasu mutane ne suka shige ta daga baya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishiri suka dinga cin gindin bangaye, mazauna da yawa suka rushe laka suka ɗora siminti, har sai da hukumar UNESCO ta shigo domin ceto abin da ya rage.

Sekem

Na biyun ya faro ne daga wani ɗan Masar mai suna Dokta Ibrahim Abouleish, wanda aka haifa a 1937. Ya tafi ƙasar Ostiriya karatu a 1956, ya ƙware a fannin haɗa magunguna, ya samu babban matsayi a can. Da ya kawo iyalinsa ziyara gida a 1975, halin da ya tarar na talauci da jahilci da yawan feshin maganin ƙwari a gonaki ya dame shi ƙwarai. A 1977 ya ajiye aikinsa ya dawo, ya sayi hekta 70 ta hamada kusa da garin Bilbes, kilomita 60 arewa maso gabas da Alƙahira. Ya raɗa wa wurin suna Sekem, wata tsohuwar kalma ta mutanen Masar na dā mai nufin ƙarfin rai da ke zuwa daga hasken rana.

Abin lura a nan shi ne jerin yadda ya bi da aikin. Da farko rijiyoyi ya haƙa. Sa'an nan ya dasa dubban itatuwa kewaye da filin domin su kare iska da rairayi. Sa'an nan ya kawo shanu, domin da kashinsu da ragowar ganyaye ne ake haɗa takin da zai mai da yashi ƙasar noma, tun da ya ƙudura ba zai yi amfani da takin zamani ko maganin feshi ba. Da ƙasa ta fara karɓa sai ya shuka tsirran magani da na shayi, abin da ya san kansa ya kuma san inda kasuwarsa take. Daga nan aka kafa ƙananan masana'antu a cikin gonar, ana busarwa ana ƙullawa ana sayarwa a cikin Masar da ƙasashen waje. Mutanen ƙauyukan kewaye suka fara zuwa neman aiki da ƙafarsu.

Sai da aiki ya samu, ma'aikata suka taru da iyalansu, sa'an nan aka juya ga sauran bukatu. Aka buɗe wurin renon yara, aka buɗe makaranta a 1989, aka buɗe asibiti a 1996 wanda ke karɓar dubban mutanen ƙauyukan da ke kewaye, har da waɗanda ba su taɓa aiki a gonar ba. Aka ƙara da makarantar koyon sana'a, inda matasa ke koyon kafinta da aikin lantarki da ɗinki da gyaran inji, da kuma sashen yara masu naƙasa. A 2012 aka buɗe jami'ar Heliopolis a Alƙahira. Kuɗin tafiyar da waɗannan ayyuka wani kaso ne na ribar masana'antun, tare da gudummawar abokan hulɗa.

Wani misali zai nuna yadda suke duban bukatar maƙwabta. A yankin akwai iyaye matalauta da ke tura 'ya'yansu ƙwadago a gonaki maimakon makaranta, kuma faɗa musu cewa aikin yara haramun ne a doka ba zai cika musu tukunya ba. Sai Sekem ta ɗauki irin waɗannan yara suna tsinkar wani fure da ake shayi da shi na rabin yini, ana biyansu, sauran rabin kuma suna aji, ana ba su abinci ana duba lafiyarsu. Da haka yaron da da bai taɓa riƙe alli ba ya iya karatu, gidansu kuma bai rasa abin da yake kawowa ba.

Amfanin wurin ya wuce ƙauyukan kewaye. A farkon shekarun 1990 sun gwada noman auduga ba tare da guba ba, suna kama ƙwari da tarkon ƙamshi, amfanin gona kuma bai ragu ba. Wannan gwaji yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Masar ta daina feshin gonakin auduga da jirgin sama. A 2003 aka ba Abouleish da Sekem lambar Right Livelihood, wato irin wadda aka ba Fathy shekara 23 kafin nan.

Kada mai karatu ya ɗauka tafiyar ta zo da sauƙi. A shekarun farko sojoji sun shigo da motocin rusau suna neman ƙwace filin, sai da magana ta kai ga shugaba Anwar Sadat. Daga baya aka baza jita-jita cewa mutanen wurin rana suke bauta wa, har aka yi ta huɗuba a kansu. Abouleish ya gayyaci malaman yankin da dattawa, ya zaga da su gonar, ya zauna da su ya yi bayanin abin da ake yi da hujjoji daga Alƙur'ani, aka rabu da fahimta. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Rikicin siyasa na 2011 ma ya girgiza cinikinsu ya bar su da nauyin bashi, amma makaranta da asibiti ba su rufe ba. Allah ya yi wa Abouleish rasuwa a 2017, ɗansa Helmy ya ci gaba da jan ragamar aikin.

Abin da ya raba su

In muka ajiye labaran biyu gefe da gefe, za mu ga bambancin bai tsaya ga kuɗi ko ilimi ba. Gurna gwamnati ce a bayanta, gwanin magini ne kuma ya tsara ta. Abin da ta rasa abu biyu ne: yardar waɗanda za su zauna, da hanyar cin abincinsu. An fara da gini aka bar sana'a sai daga baya. A Sekem kuwa ba a tashi kowa daga gidansa ba, ruwa da ƙasa da sana'a aka fara samarwa, gine-gine suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya gwargwadon bukata da ƙarfin aljihu. Shekara 12 aka yi kafin makaranta, shekara 19 kafin asibiti.

Gaskiya ne ba kowace ƙungiya ce ke da abin da Abouleish yake da shi ba. Ya zo da jarinsa, yana da abokai a Turai da suka taimaka da dabara da rance, yana kuma da masu sayen kayansa a can. Haka kuma wurin ya daɗe yana dogara ga mutum guda da iyalinsa, wanda hatsari ne ga kowane gari. Amma jerin matakan da ya bi ba ya bukatar arziki, kuma shi ne abin da za mu iya ɗauka.

Tambayoyi kafin a aza tubali

Saboda haka duk ƙungiyar da ke da niyyar kafa sabon mazauni, muna ba ta shawara ta zauna ta amsa waɗannan tambayoyi tun kafin ta kira mai zanen taswira.

Ta farko, wa ya nemi wannan gari? In waɗanda za su zauna ba su cikin masu shawara tun daga ranar farko, mata da matasa har da tsofaffi, to a dakata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta biyu, filin na wane ne, kuma ina takardarsa? A samu shaidar mai gari da ta hukuma a rubuce, a kuma bincika ko burtali ko makiyaya ko gonar gado ta ratsa wurin, domin rikicin fili ya kan jira sai an gama gini sa'an nan ya taso.

Ta uku, ina ruwa, kuma zai kai watan bazara? A haƙa a gani kafin a raba fuloti. A kuma duba inda ruwan sama ke bi da damina, kada a guje wa ambaliya a faɗa cikin wata.

Ta huɗu, me mutum zai yi ya ci abinci a watan farko da ya tare, kuma wa zai sayi abin da ya samar? In amsar ita ce taimakon wani furoje, a tuna furoje yana da ranar ƙarewa.

Ta biyar, me maƙwabta za su samu? Rijiya ko ɗakin shan magani ko aji da aka buɗe wa kowa shi ke sa mutanen kewaye su tsare wurin kamar nasu. Garin da ya kewaye kansa ya ware, ko ba jima ko ba daɗe zai sha zargi.

Ta shida, wa ke riƙe da asusu, ta yaya ake yanke shawara, kuma in jagora ya rasu ko ya gaji wa zai gaje shi? A rubuta wannan tun ana shiri da juna. A Sekem akwai al'adar da ma'aikata ke tsayawa da'ira kowace safiya, babba da ƙarami, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Abu ne da ba ya cin ko dala, amma yana sa kowa ya san ana ganinsa ana kuma jin muryarsa.

In aka samu amsar waɗannan shida, ko da bukkoki goma aka fara, sauran za su zo a kan lokacinsu. In kuwa ba a samu ba, gara kuɗin da aka tara ya tafi ga gyaran rijiya da makarantar unguwar da mutane suke zaune a ciki yanzu.