Venis: Birnin da kayan miya ke zuwa kasuwa a jirgin ruwa

Duk wanda ya saba da safiyar Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, inda motoci ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, 'yan baro na kai-komo, abin da zai fara ba shi mamaki a birnin Venis na ƙasar Italiya shi ne rashin ƙarar injin mota. Titi yana ƙarewa ne a dandalin Piazzale Roma. Daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa.

An gina tsohon birnin a kan ƙananan tsibirai 118, waɗanda gadoji sama da 400 suka haɗa. Gidajen na zaune ne a kan gumaguman itace da aka kafa cikin taɓo, kuma da yake iska ba ta kaiwa gare su, sun yi ɗaruruwan shekaru ba su ruɓe ba.

Takwarar Muda Lawal a can ita ce Kasuwar Rialto, wadda ke ci tun shekarar 1097 a gefen babbar hanyar ruwan da ta ratsa birnin. Da asuba jirage ke kawo kifi da ganyaye, wasu daga tsibirin Sant'Erasmo, lambun birnin. Daga nan 'yan dako ke jan kayan a amalanke, suna hawa da saukar matakalar gadoji, abin da ke ƙara wa kaya tsada.

Hajar wannan birni ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado na Venis cikin kayan da fatake ke ketowa da su Sahara.

Sai dai ruwan da ya ɗaukaka birnin shi ke yi masa barazana. A ranar 12 ga Nuwamban 2019 ambaliya ta kai santimita 187, mafi muni tun ta 1966, ta mamaye galibin birnin. Tun 2020 ake ɗaga wasu ƙofofin ƙarfe 78, da ake kira MOSE, domin tare ruwan teku idan ya tumbatsa.

Barazana ta biyu ba ta da ƙofa. Mazauna tsohon birnin sun ragu daga kusan 175,000 a 1951 zuwa ƙasa da 50,000 a 2022, yayin da gidaje ke komawa masaukin masu yawon buɗe ido, haya kuma ta gagari talaka. A Afrilun 2024 hukumomi suka fara karɓar Yuro 5 daga baƙin yini guda a wasu ranakun cunkoso.

A Rialto ake ganin tasirin hakan ƙarara. Abin da ke riƙe kasuwa irin Muda Lawal shi ne cefanen gidaje na yau da kullum. A Venis kuwa, masu ɗaukar hoton kifi na ƙaruwa, masu saye su kai gida na raguwa, rumfuna kuma na rufewa ɗaya bayan ɗaya.