Ba kowane kumburin maraina ne gwaiwa ba

Akwai cutar da kunya ke hana a ambace ta a majalisa, ita ce sankarar ɗan maraina, wadda likitoci ke kira kansa. Ba ta da yawa a ƙasarmu, amma ta fi kama samari da magidanta ƴan shekara 15 zuwa 40, wato masu riƙe da hauya da ciyar da gida.

A karkarar Madawa da Buza da Keita mun saba da gwaiwa da ƙaba, saboda haka duk kumburin da ya fito a gaba sai a ce su ne. To, akwai bambanci. Gwaiwa ruwa ne ke taruwa. Ƙaba hanji ne ke saukowa, yakan koma idan mutum ya kwanta. Sankara kuwa ƙullutu ce mai tauri a jikin ɗan marainan kansa, galibi gefe guda, kuma sau da yawa ba ta ciwo. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutum har ya ce bari sai an cire albasa, ko sai ya komo daga cin rani.

Cutar tana warkewa. Tun da aka samo maganin cisplatin a shekarun 1970, a Turai da Amurka fiye da mutum 9 cikin 10 suna tashi. Sai dai wurin da aka yi jinya yana da nasa tasiri. A 1999 an buga wani bincike na Turai a kan mutum 380 da cutar ta riga ta watsu ƙwarai a jikinsu. A asibitocin da suka saba da ita, 77 cikin 100 suna raye bayan shekara biyu. A waɗanda ba su cika ganin ta ba, 62 ne kawai. Idan haka ta faru inda hanya ke da kyau, ina ga mutumin ƙauyen Buza?

Ga matakan da ke gabansa. Zai fara da malamin asibitin da ke kusa, ya karɓi takardar turawa zuwa asibitin gunduma. Daga nan a duba shi da hoton eko a inda na'urar take, kamar manyan asibitocin Tawa da Maraɗi. Asibitin Galmi ma, da ke kan hanyar Ƙwanni, an san shi da aikin fiɗa. Idan an ga sankara ce, ana cire ɗan marainan ta matsematsi, ba ta jaka ba, domin kada cutar ta samu sabuwar hanya. Saboda wannan, kada a yarda wanzami ya tsaga ko ya huda wurin.

Fiɗa ba ita ce ƙarshe ba. Dole a auna abin da aka cire, a gwada jini, a ɗauki hoton ciki da ƙirji, kana a san ko akwai bukatar maganin ƙarin ruwa ko gashi. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa tana Yamai, kuma sai a 2021 aka buɗe sashen gashi a can. Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne, mutanen Buza da Keita kuwa tasu tafiyar ta fi haka.

A nan mafi yawan wahalar take. Ana ba da maganin zagaye uku ko huɗu, kowane bayan mako uku, wato kusan wata uku ke nan na kuɗin mota, da masauki, da abincin ɗan rakiya. A 2007 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar kansar mata, amma ta maza ba ta cikin wannan doka. Wanda guzurinsa ya ƙare ya tsallake zagaye guda, ko ya komo gida don shuka, cutar na iya farfaɗowa ta ƙi jin magani. A ganina, gara dangi su zauna tun kafin tafiya, su san dabbar da za a sayar, da wanda zai nome gonar, da ɗan'uwan da za a sauka wurinsa a Yamai.

Masu fargabar haihuwa su sani ɗan maraina guda mai lafiya yakan isa aure da samun zuri'a. Amma maganin ƙarin ruwa na iya rage ƙarfin maniyyi, don haka a tambayi likita kafin a fara. Bayan sallama akwai ranakun komawa awo har tsawon shekaru. A ce wa likita ya rubuta su, a adana takardar cikin leda.